Mai Ƙirgan Shanun Tungar Gawo

Asabar, 3 ga Agusta, bayan la'asar, Ƙaura Namoda

Dakta Hannatu, malamarmu, ta ce mai nazarin ɗan Adam littafi biyu yake riƙewa: ɗaya na abin da idonsa ya gani, ɗaya na abin da ransa ya ji. Wannan shi ne na rai. Na ido mai jan bango ne, sabo fil, yana cikin jaka.

Bari in gabatar da kaina, ko jikokina za su karanta wata rana. Sunana Tukur, shekarata talatin da takwas, malamin aji huɗu ne ni a firamare, kuma tun watan Maris ɗalibin ajin farko a karatun digiri na ƙarshen mako. Darasin da ya fi shiga raina shi ne Antirofoloji, wato nazarin ɗan Adam da al'adunsa. Matata Furera ta ce shekara goma sha ɗaya tana nazarin ɗan Adam guda a gidan nan, ba wanda ya ba ta ko satifiket.

Aikin hutu aka ba mu. Kowa ya je ya zauna mako biyu cikin wata al'umma, ya zana taswirar garin, ya ƙirga gidaje da abin da suke rayuwa da shi, ya zana salsalar gida ɗaya, alwatika ga namiji, da'ira ga mace. Sau uku Dakta ta maimaita cewa kafin mu buɗe littafi mu fara gaida mai gari, mu bayyana wa mutane abin da ya kawo mu. Ban ma rubuta wannan ba. Tungar Gawo za ni, gaba da Katuru, ƙauyen mahaifiyata, gidan Kawu Na'Allah da ya riƙe ni tun ina shekara shida bayan ta rasu. Wa ke neman izini a gidan kawunsa?

Tunda littafin rai ne, bari in faɗi gaskiya. Wata biyar ke nan da abin da ya faru da Yaya Auwalu, babban ɗan Kawu, a hanyar dawowa daga kasuwar Shinkafi, aka shiga daji da shi, kuma har yau shiru. Ban je jaje ba. Waya na yi sau biyu. Tsoron hanyar ya hana ni, daga baya kunya ta karɓi aikin tsoro. Aikin makarantar nan mafaka ce kawai. Abin da nake so shi ne Kawu ya dube ni yadda yake dubana da.

Litinin, 5 ga wata, bayan azahar, Tungar Gawo

Na iso lafiya. Akwai wurin da muka kai kowa a motar ya yi tsit, direba ya kashe rediyo ya taka mai. Ba zan rubuta sunan wurin ba.

Na tarar da Kawu a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na jero gaisuwa, ya amsa duka, sannan ya ce, "Ashe hanyar ta gyaru." Ya ci gaba da aikinsa. Da ya ɗaga ƙotar ya buga mini da ya fi mini sauƙi.

Adda Saliha, 'yar Kawu, taubashiyata, tun daga tsakar gida ta fara. "Lale da baƙon birni! Mi ka kawo muna, ko biro za mu ci?" Na buɗe jan littafi nan take na rubuta, don wasan taubasai yana shafi na sittin da biyu a littafin darasinmu. Ta leƙa ta ce in ƙara da cewa tumbina ya riga ni shigowa gida.

Kwano ɗaya muka ci tuwo da Kawu. Wannan alama ce mai kyau.

Laraba, 7 ga wata, da hantsi

Aiki na tafiya. Gida arba'in da bakwai na ƙirga, tara babu kowa a ciki. Na auna lunguna da taku. Ƙofa uku ake shiga garin, na zana kowace, na kuma nuna inda 'yan sa-kai ke zama. Shugabansu Mamuda, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara, na tambaye shi ƙarfe nawa suke canjin aiki, don akwai babi guda a kan rabon ayyuka a al'umma. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Lokacin da Allah yas so." Na rubuta cewa mutanen nan ba su damu da agogo ba.

Alhamis, 8 ga wata, bayan la'asar

Na gano abin da ina jin ko Dakta ba ta taɓa ji ba. Magidanta ashirin da biyu na tambaya shanu nawa gare su, kowa ya ce ba shi da ko ɗaya. Kashin shanu kuwa a bayan gari sai mutum ya tattare wando. Wani tsoho yana ce mini ba shi da ko akuya, saniya ta yi kuka a bayan dangarsa. Bai ko ƙifta ido ba ya ce, "Baƙuwa ce."

Ra'ayina shi ne akwai tsohuwar al'adar ɓoye dukiya saboda kambun baka. Na cika shafi huɗu a kai. In ban sami maki mafi girma a ajin nan ba, to babu adalci.

Jumma'a, 9 ga wata, kafin magariba

Sabis ba ya kamawa sai a kan wani dogon suri a yamma da gari. Na hau na kira Furera, na ce ta ɗauko takarda ta rubuta alƙalumana, don ruwa na iya jiƙa mini littafi. Layin na yankewa, dole na ɗaga murya. "Gida arba'in da bakwai! Ƙofa uku! Ta yamma babu kowa da rana! Shanu sun ce babu, amma akwai!"

Wasu mata biyu masu tsinkar tafasa suka miƙe suna kallona. Na gaishe su daga saman surin, suka ɗauki kwandunansu suka tafi da sauri. Na rubuta: kunyar baƙo namiji.

Asabar, 10 ga wata, da safe

Na gaida mutum bakwai, biyu suka amsa.

Lahadi, 11 ga wata, bayan azahar

A masallaci na sami sarari dama da hagu, har iska na ratsa ni. Na duba littafin darasi, akwai al'ummomin da ke nisantar mutum don girmamawa. Wataƙila sun ji labarin digirin.

Kawu ya ce a kai mini tuwona ɗaki, wai cikinsa ba daɗi.

Litinin, 12 ga wata, da hantsi

Wannan ma zan rubuta.

Ina wanke fuska Adda ta zo ta tsaya a kaina, ba wasa a idonta, abin da ban taɓa gani ba.

"Tukur, kai wawa ne ko mugu? Zaɓi ɗaya, in san abin da za ni hwaɗa ma mutane."

Na ce, "Adda, me na yi?"

"Mutum yaz zo gari yana tambayar shanu nawa, ƙohwa nawa, yaushe masu tsaro ka tashi, kuma yah hau suri yana hwaɗa ma waya. Wa kaka tsammanin za a ce ya aiko shi?"

Butar ta suɓuce daga hannuna.

Ta ce, "Kahin abin Yaya, sai da wani baƙo yak kwana biyu garin ga, wai mai sayen awaki ne. Tambayoyin da yay yi ke nan. Shi ko littahi bai da. Kai har da zane."

Na ce ai ni ɗan gida ne. Ta ce ɗan gidan da bai zo jaje ba, sai ga shi bayan wata biyar da biro. Na ce ai nazari nake. Ta ce su ma waɗancan nazarin suke yi, kuma sun fi ni cin jarrabawa.

Shafi huɗu na rubuta a kan kambun baka, alhali mutane ɓoye shanunsu suke daga abin da ni kaina ya hana ni hanyar nan wata biyar. Ni da ke koya wa yara lura da muhalli.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Mamuda ya zo da mutum biyu. Cikin ladabi ya karɓi jan littafin da wayata. Ya ce mai gari ya ce kada in fita gari sai an zauna ranar Jumma'a bayan masallaci. In magana ta yi kyau shi ke nan, in ba ta yi ba za a miƙa ni gaba. Ban tambayi ina ne gaba ba.

Wannan littafin ya tsira don yana ƙarƙashin tabarma.

Kawu na zaune a zaure aka yi komai a gabansa. Na dube shi. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Talata, 13 ga wata, da safe

Ba na jin tsoro. Zawo ne kawai, ina jin furar jiya ce.

Talata, bayan azahar

Mamuda aka ɗora wa sa ido a kaina. Duk inda na sa ƙafa yana bayana da taku goma, da layunsa da adda. In na zauna ya zauna. In na shiga bayan gida ya tsaya nesa kaɗan yana kallon sama. Na ce masa, "Mamuda, tare fa muka yi kiwo." Ya ce, "Awo, shi yas sa nis san ba ka iya gudu."

Dakta ta ce aikin mai nazari shi ne ya zauna kusa da mutane, ya yi shiru, ya lura da komai, kada ya yi saurin yanke hukunci. Mamuda bai taɓa shiga ajinta ba, amma wallahi ya fi ni iyawa. Ɗazu ya tambaye ni me ya sa nake sosa kunnen hagu duk lokacin da aka ambaci Kawu. Ban san ina yi ba.

Laraba, 14 ga wata, da hantsi

Na gwada yi wa Kawu bayani. Na fara daga ma'anar Antirofoloji, na kama bin rassanta huɗu, ina shirin shiga na uku ya miƙe ya ɗauki fartanya. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Mutane sun tambaye ni ko na tsaya maka. Na ce yaron da nir riƙa na san shi. Wanga da yaz zo, ban sani ba tukuna."

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Mamuda na waje, na san ya ji, amma da na fito bai ce komai a kan idona ba. Allah ya saka masa.

Alhamis, 15 ga wata, bayan azahar

Furera ta zo.

Kwana uku wayata a kashe, sai ta bar yara wurin maƙwabta, ta hau mota, ta hau babur, ta bi hanyar nan da ni namiji na yi wata biyar ina auna ta daga nesa. Ta sauka da buhun lemo a ka, ta durƙusa ta yi wa Kawu jaje yadda ake yi, ta shiga wurin matar Yaya Auwalu suka yi kuka tare. Ni kwana goma ina gidan, abin da na tambayi matar Yaya shi ne sunan kakanta na wajen uwa.

Da ta gama da kowa sannan ta zo kaina. Adda ta riga ta karanta mata komai.

"Malam, ashe lissafin da ka sa ni rubutawa ke nan? To ni ma a ɗaure ni, ni ce sakatariya."

Ta ciro wata takarda daga jaka. Wasiƙar da Dakta ta ba kowane ɗalibi ce don ya kai wa mai gari, da hatimin makaranta. A aljihun shuɗiyar rigata na bar ta, kuma sai da Furera ta wanke rigar ta gani. Hatimin ya zama kamar an zubar da shuɗi a takarda. Abin da ke karantuwa shi ne "a taimaka masa" da "ɗalibi ne".

Adda ta ce ya isa, don duk wanda ya gan ni ya san ina bukatar taimako.

Jumma'a, 16 ga wata, da safe

Ba na jin tsoro.

Jumma'a, bayan la'asar

An zauna a zauren mai gari. Wanda bai sami wuri ba ya tsaya a waje, mata kuma suna bayan danga, ina jiyo muryar Adda tana shirya su. Kawu na gefe da carbinsa.

Mai gari ya juya wasiƙar da aka wanke gaba da baya, ya ajiye. Ya ce tunda ni na rubuta jan littafin, ni zan karanta shi da bakina daga farko har ƙarshe, Mamuda kuma, da ya gama firamare, ya tsaya a kafaɗata kada in tsallake layi.

Ban taɓa tunanin waɗanda na rubuta za su ji abin da na rubuta ba. Wannan ma Dakta ta faɗa, ina jin ranar ina gyara biro.

Na fara. "Mai gari yana sauraron ƙara ido a rufe. Da farko na ɗauka alamar sarauta ce. Daga baya na ji minshari."

Sai wani daga waje ya tuntsire, shi ke nan kowa ya saki. Mai gari ya gyara rawani ya ce, "Ci gaba."

"Mamuda yana da layu goma sha tara. Ya ce ƙarfe ba ya kama shi. Ranar Alhamis zakaran Adda ya bi shi, ya tsallake danga."

Mamuda ya ce daga kafaɗata, "Wanga layin ana iya tsallake shi." Mai gari ya ce ba a iyawa, a ma maimaita.

Na karanta shafi huɗun nan na kambun baka. Tsohon nan mai baƙuwar saniya ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Na karanta sunaye takwas da Adda ke kirana da su, daga bayan danga ta ce na manta biyu, ta faɗe su.

Aka zo kan taswira. Nan dariya ta ragu. Dattawa suka sa ta a tsakiya suna juyawa. Can wani ya ce ina rijiya. Na nuna. Ya ce nan ai makabarta ce. Wani ya ce ƙofar yamma da na zana, in mutum ya bi ta a tafki zai faɗa. Ashe gabas da yamma na juya tun ranar farko.

Mai gari ya ce Mamuda ya faɗi abin da ya gani. Mamuda ya gyara tsayuwa. "Ranka shi daɗe, kwana huɗu ina biye da shi. Sau biyu yab ɓace cikin gari, ni nin nuna mai hanyar gida. Ya tsaya gonar maiwa yana yaba dawa. Kare yay yi haushi, yal laɓe bayana, ni da ka tsaron shi. In waɗancan sunka aiko wanga, to sun ƙare."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Mai gari ya yanke hukunci: ba mugu ba ne, ɗaya ɗin ne. Amma taswira da shafukan ƙirga a yage a ƙona, don takarda ba ta san hannun da za ta faɗa ba, kuma ko a karkace take wani na iya miƙe ta. Ya ce mini, "Malam, da ka zo ka gaishe ni ka hwaɗi bukatarka, da na ce maka ga abin da aka tambaya, ga wanda ba a tambaya. Jami'ar taku ba ta koya muku sallama?" Na ce tana koyawa, sau uku ma.

Da an tashi a nan da na kwana da farin ciki.

Mamuda na yage shafukan sai ya ci karo da doguwar takardar da na liƙa a bayan littafin, salsalar gidan Kawu. Ya ce wannan fa, wace taswira ce? Raina ya riga ya kwanta, malantata ta motsa, na miƙe ina bayani da yatsa. Alwatika namiji, da'ira mace, ga Kawu, ga mahaifiyata, ga 'ya'ya. Ya ce waɗanda aka ja wa layi a tsakiya fa? Na ce waɗanda suka rasu ne.

Ya bi da yatsa yana karanta sunayen a hankali. Ya karanta na mahaifiyata. Ya karanta na matar Kawu. Ya sauko layin 'ya'ya, ya tsaya a alwatikar farko, ya yi shiru. Amma ya riga ya fara furtawa, kuma kowa ya ji.

Da fensir na ja shi. Littafin darasi hanya biyu kawai ya bayar, mai layi da marar layi, ni kuma na ce wata biyar ba labari, bari in ja da fensir kafin a gani. Ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba lokacin da na ja.

Kawu ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita. Aka buɗa masa hanya.

Asabar, 17 ga wata, da safe

Mamuda ya dawo mini da waya da abin da ya rage na jan littafin. Kowa na gaishe ni yanzu, har da masu kirana Mai Ƙirgan Shanu. Kawu ya tafi gona tun kafin in fito.

Asabar, bayan azahar

Furera ta koma gida. Ta ce in zo mu tafi, na ce ba yanzu ba. A bakin babur ta ce, "Kullum matar Yaya sai ta ɗebi tuwonsa ta rufe, sai safe take ba yara. Kwana ɗaya na yi na gani. Kai me kake kallo kwana goma sha biyu?" Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya fi ciwo.

Lahadi, 18 ga wata, bayan la'asar

Na bi Kawu gona da fartanyar aro. Bai kore ni ba, bai kuma yi mini magana ba. Na nome kunya biyu, shi ya nome tara, ga shekara saba'in. Na sare gero uku cikin kuskure, na mayar da su na tsayar da ƙasa, ina jin bai gani ba.

Ya gani.

Litinin, 19 ga wata, da hantsi

Hannuna duk ya yi bororo. Adda ta shafa mini man shanu, ta ce na shanun da babu ne. Na ce mata ta roƙar mini Kawu. Ta ce, "Ni ma ban gama jin haushinka ba, bari in gama nawa." Amma ta ƙara mini nama a miya.

Talata, 20 ga wata, bayan azahar

Gona. Kunya huɗu. Na ba shi haƙuri a kan iyaka, na faɗi komai, har da tsoron hanya da kunyar da ta biyo baya, ban sa kalmar boko ko ɗaya ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce rana ta yi, mu koma.

Laraba, 21 ga wata

Gona.

Alhamis, 22 ga wata, bayan la'asar

Ranar Asabar ake miƙa aiki. Ba ni da taswira, ba ni da ƙirga, ra'ayina na kambun baka ya zama abin ba yara dariya. Na hau suri na kira Dakta, a hankali wannan karon, na gaya mata komai. Ta ce in rubuta abin da ya faru daidai yadda ya faru, ban da sunan gari. Ta kuma nemi izini ta riƙa ba da labarina ga sababbin ɗalibai. Na tambaya a matsayin me. Ta ce kada in damu da wannan.

Gobe zan tafi. Na gaya wa Kawu.

Jumma'a, 23 ga wata, da hantsi, tashar Shinkafi

Ina jiran mota ta cika, bari in rubuta kafin in manta ko kalma ɗaya.

Da safe na ɗaure jaka, mai babur na jira a waje. Na shiga zaure yin sallama. Kawu na zaune, bai tafi gona ba. Ya ce, "Ɗauko takardar nan taka."

Na ɗauko na shimfiɗa a gabansa. Ya ce in nuna mai wurin. Na nuna. Ya ce, "Goge."

Na sa roba na goge, na hure, na sake gogewa. Ya ɗauki takardar ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa. Ashe na danna fensirin da ƙarfi, sawun layin ya zauna a jikin takardar.

Ya ce, "Har yanzu ina ganin shi."

Na yago sabon shafi daga tsakiyar jan littafin. Na sake zana komai a kan gwiwata, shi yana bin hannuna da ido, mai babur na ta danna oda. Na zana alwatikar farko a layin 'ya'ya, na kai hannu zan rubuta suna, sai ya riƙe mini hannu.

"Dakata. Daga bakina za ka rubuta."

Ɗan fari ne. Shekara talatin da biyu ina jin Kawu na cewa "wancan", ko "babban", ko "yayanku". Ko ranar ɗaurin aurensa bai kama sunan ba.

Ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ya yi gyaran murya ya sake.

"Auwalu," ya ce. "Yana nan. Aje fensirin ga, Tukur, sa biro."

Na sa biro na rubuta.